Ƙwayoyin da Kawu Sule Ya Bari

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Sule, mai kemis na Unguwar Shanu, ƙanen mahaifiyata. Akan tambaye ni ko har yanzu ina kukansa. Ba na yi. Ko ranar da aka fita da shi ban yi ba, ina zaune ne a bakin ƙofa ina kallon takalman masu gaisuwa. Sai dai duk gidan da na shiga na ga kwalbar magani a ƙasa, idona ba ya barinta har in fita.

Ya daɗe yana ba da magani a asibiti kafin ya buɗe ɗan shagonsa. Wanda ya san shagon ya san kwalaben da ke kife a tagarsa, wankakku, suna shan rana. Kawu ya gane cewa mu mata ba don maganin kaɗai muke ɓoye ragowa ba, har da kwalbar. Kwalba mai murfi ta man kitso ce, ta turare ce, ta kananzir ce. Shi ya sa in mace ta aika masa da ragowar maganin tari, sai ya karɓa ya aiko mata da wankakkiya, wani lokaci ma wadda ta fi tata kyau. Ƙwayoyi kuwa a akwatin ƙarfe yake kulle su. In sun taru sai ya daka, ya cakuɗa da toka, ya binne a rami mai zurfi bayan shago, ya ɗora dutse. Ba ya yarda a zuba a kwata. Yakan ce can yara ke wasa, can agwagi ke sha.

Maƙwabciyarsa Maman Bitrus takan leƙo ta katanga in ta ji ƙarar diga, ta ce, "Malam Sule, yau ma jana'iza?" Shi kuma ya ce mata ta zo ta ja musu waƙa, mamatan ba su da dangi.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi. Wasu ƙananan fararen ƙwayoyi yake sha, kuma ko matarsa ba ta taɓa su. Bayan sadakar bakwai aka raba kayansa, wannan riga, wancan buta, wancan rediyo. Ashe Inna, mahaifiyata, gwangwanin madarar da ragowar ƙwayoyin ke ciki ta ɗauka.

Ban sani ba sai daminar bana, da bangon ɗakinta ya zube a Badarawa ta dawo wurinmu. Ina ɗaga ƙunshin kayanta na ji abu yana kacau-kacau. Daga baya na lura in wata a gidan hayarmu ta yi kukan jiri ko ciwon kai, Inna takan shiga ɗaki ta fito da hannu a dunƙule. Ta ce mini maganin Sule ne, mutumin da ya san magani ai ba zai sha marar kyau ba. Ta faɗa da zuciya ɗaya, irin yadda ake ba wa baƙo ruwa.

Ɗana Aminu bai daɗe da fara tafiya ba, kuma duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Wata safiya na shigo da tsintsiya na same shi zaune a ɗakin Inna, yana buga gwangwanin da ƙasa yana dariya. Murfin ya lotsa, ya ɗaga ta gefe ɗaya. Ban yi ihu ba. Na karɓa, na buɗe bakinsa na duba da yatsa, na ɗauke shi na goya. Ranar a bayana ya wuni.

Na ce, "Inna, ki ba ni in kai inda za a kashe su."

Ta ce, "Dije, kowa ya samu riga. Ni wannan na samu."

Na koma tsakar gida na ci gaba da shara.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce in ya ga Kaduna yau. Ga masu tallar magani da faranti a ka suna yawo tasha-tasha, kafso ja da rawaya a buɗe cikin rana, ana saye kamar gyaɗa. Shagonsa sabulu da sukari ake sayarwa yanzu. Na shiga wani sabon kemis na tambaya ko suna karɓar ragowar magani, mai shagon ya ce in watsa a bola. Ina jin bai taɓa tsayawa ya ga su wa ke tonon bola ba. Ba na jin Kawu zai yi faɗa. Zai dai tambaya ko akwai yara a gidan.

Kwana biyu Inna ba ta yi mini maganar ba, sai kallon Aminu take yi a bayana, yana miƙa mata hannu ina ƙin sauke shi. Rannan da hantsi ta yafa mayafi, ta ɗauki gwangwanin, ta ce in zo mu je. Maman Bitrus ce ta kwatanta mana wani dattijo mai kemis a hanyar Unguwar Rimi. Ya zazzage ƙwayoyin a takarda, ya duba, ya tambayi wa ke sha. Da ya ji, sai ya ce ko babba suna iya kwantarwa, balle yaro. Inna ta tambaye shi me zai yi da su. Ya ce zai haɗa da nasa da suka lalace ya ƙone ya binne.

"To kar ka haɗa da shara," in ji ta.

Ya ce ba zai haɗa ba. Ta daɗe tsaye kafin ta juya.

Ban san abin da ya rage na Kawu a garin nan ba. Sunansa ya goge a jikin shagon, yaran unguwa ba su san shi ba, rigunan da aka raba sun tsufa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Abin da na sani ɗan kaɗan ne. Yanzu Aminu yana shiga ɗakin kakarsa ya buɗe abin da ya ga dama, ni kuma ina iya juya masa baya in tuƙa tuwo.