Sunan da Alhaji Bai Taɓa Faɗa a Rediyo Ba

Na ga abubuwa da yawa a zamana na Ingila, wasu sun bi ruwa, wasu sai an tuna mini. Amma akwai wata Asabar a wani filin ƙwallo na Birmingham da ko tsufa ya sa na manta hanyar gidana, ita ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce na zauna kafaɗa da kafaɗa da wani dattijo, ina kallo ya rasa ɗansa a gaban makirufo, alhali bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Lokacin ina karatun digiri na uku a Manchester, ina zaune a Fallowfield tare da wasu ɗalibai 'yan Arewa. Muna da ƙungiyar ƙwallo ta masu jin Hausa, rabinta ɗalibai irina, rabinta 'ya'yan mutanen Gana da aka haifa a nan. Ni dai ƙafata ba ta ƙwallo ba ce. Sau ɗaya aka gwada ni a baya, aka roƙe ni don Allah kada in sake. Da suka lura bakina ya fi ƙafata aiki, sai suka haɗa ni da Alhaji.

Alhaji mutumin zangon Kumasi ne, ya tuƙa bas a Manchester har ya yi ritaya. Da ya rasa abin yi sai ya buɗe ɗan gidan rediyo a intanet, a falonsa na Withington. Ranar wasa kuwa mu kwashi teburi mai naɗewa, da makirufo biyu, da wata tsohuwar lema, mu kafa a bakin fili. Direbobin tasi suna jin mu, mata a kicin suna jin mu, dangi a Kumasi da Akara da Kano da Zariya duk suna kunnawa.

Abin da ya sa ake rububin sauraronsa shi ne ba ya rufa wa ƙungiyarmu asiri. Ƙungiyar tasa ce, shi ya sayo mata rigunan farko, amma in ta yi shirme sai ya wanke ta tas. Na sha jin ya ce, "Jama'a, wanda yake da wanki ya je ya yi, babu abin da zai wuce shi a nan." In na so in yi mana kara na ce ai iska ce ta yi yawa, sai ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Malam, iskar nan 'yan wancan ɓangaren ma tana kaɗa su." Ya taɓa gaya mini cewa wanda ya kunna rediyo ba shi da ido a fili, mai sharhi ne idonsa, don haka ƙarya a bakin mai sharhi zalunci ce.

Yaran suna haƙuri da faɗansa ne saboda yabonsa. In yaro ya yi abin kirki, Alhaji zai kira sunansa, ya kira na ubansa, ya faɗi unguwar da kakansa ya fito, ya yi masa kirari har sai tsigar jikinka ta tashi. Yaron kuma ya yanko wurin ya tura wa mahaifiyarsa. Kowa a ƙungiyar yana da irin wannan guntun sautin a wayarsa yana taƙama da shi, ban da mutum ɗaya.

Mutumin nan shi ne ɗan wasan gabanmu mai riga lamba tara, wanda ya fi kowa iya ƙwallo a cikinmu, kuma ɗan farin Alhaji. A rediyo "mai lamba tara" yake ce masa. A gida kuma "kai" ne, ko "wancan". Ni ban ga wani abin mamaki ba, don kunyar ɗan fari da ita na tashi. Mahaifina har ya koma ga Allah bai kira sunan babban yayanmu ba, bai yabe shi a gaban mutane ba, kuma yayan bai taɓa ɗaukar abin a ƙiyayya ba, tunda duk unguwar haka ake yi. Sai dai shi wannan saurayin a Manchester ya girma, inda tun yana firamare yake ganin iyayen abokansa a bakin fili suna kiran sunayen 'ya'yansu har muryarsu ta dushe. Ya taɓa tambayata dalili, na yi masa bayani ina dariya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da Hausarsa mai karyayyen harshe, "To nauyin wa yake ji, Uncle? Kakannina suna Kumasi. Ni ne nake nan."

Duk shekara bayan Babbar Sallah muna buga wasan kofi da 'yan uwanmu na Birmingham, kuma mun daɗe muna shan kashi a hannunsu. A waccan shekarar a wajensu aka yi, a wani fili kusa da Edgbaston. A cikin motar da ta kai mu saurayin ya dawo kujerata ya zauna. Ya ce yarinyar da zai aura za ta saurara, mahaifinta ma a Akara zai kunna. "Yau sai Dad ya faɗi sunana," in ji shi. "Zan yi wasan da ba shi da choice, dole ya faɗa." Na yi masa fatan alheri, amma na san halin Alhaji.

Aka fara wasa cikin yayyafi, mu kuma muka fara abin da muka saba. Kafin hutun rabin lokaci an zura mana biyu. Alhaji ya ce 'yan bayanmu yawon buɗe ido suka zo yi Birmingham, ya ce mai tsaron gidanmu yana karɓar baƙi da hannu bibbiyu. Har 'yan Birmingham da suke tsaye bayanmu suna ta ƙyaƙyata dariya.

Da aka dawo sai saurayin nan ya zama wani abu daban. Ya karɓi ƙwallo daga tsakiyar fili, ya yanke mutum uku, ya ɗaɗa ta a raga. Na miƙe tsaye ina kiran sunansa. Alhaji ya jira na gama, ya ce cikin murya irin ta mai karanta labarai, "Ƙwallo ta shiga. Mai lamba tara ne. 'Yan bayansu sun yi sakaci." Da na zauna sai na ji hannu ya damƙi gwiwata ta ƙarƙashin teburi. Hannun Alhaji ne.

Ta biyun da ka ya ci ta, ya yi tsalle sama da kowa. Yana sauka bai tafi wajen abokansa ba, ya juyo ya tsaya yana kallon teburinmu. Na waiga na ga Alhaji ya jawo hularsa ta rufe goshi, hawaye yana gangarowa cikin furfurar gemunsa, ya matse gwiwata har na ji zafin a ƙashi. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa shi ne, "An rama. Biyu da biyu. Saura mu ga ko za su iya riƙewa."

Ana dab da tashi aka kayar da saurayin a gaban raga, alƙalin wasa ya ba mu fenariti. Shi ya ajiye ƙwallon, shi ya buga, golan Birmingham ya kama ta kamar an miƙa masa. Nan Alhaji ya buɗe murya. Ya kira sunan golan, ya kira na ubansa, ya ce ya san kakansa mai sayar da goro a Tamale, gidan jarumai ne tun asali. Sannan ya juyo kan namu. "Mai lamba tara ya nuna wa gola hanya da idonsa tun kafin ya buga. Ɗan wasan da ya san kansa ba ya haka. Wannan laifinsa ne, kada a ɗora wa kowa." Wallahi gaskiya ya faɗa, ni ma na ga idon. Kafin a hura tashi aka ƙara mana ɗaya.

Na sa tafin hannu na rufe makirufo na ce, "Alhaji, don Allah ka faɗi wata magana mai daɗi a kan yaron nan. Surukansa suna ji."

Ya ce, "Malam, in yabi ɗan cikina da bakina duniya tana ji? Me mutanen Kumasi za su ce? Kai ka yaba."

Na yaba iya yabona, na zuba masa duk kirarin da na sani. Amma ba muryata saurayin yake jira ba.

Ana can ana miƙa wa 'yan Birmingham kofi, shi yana zaune a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da waya a kunne, yana sauraron abin da muka watsa. Ya daɗe a haka. Daga baya ya taso, ya cire rigar, ya ninke ta da kyau, ya ɗora a kan teburinmu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Dad, ka san sunan golan Birmingham. Ka san sana'ar kakansa. Ni fa?"

Mutane sun kewaye mu, dattawan garuruwan biyu duk suna tsaye. Alhaji ya kawar da kai yana naɗe wayar makirufo, ya ce, "Je ka sa riga, za ka yi mura."

Ni na san abin da maganar nan take ɗauke da shi, don da irinta aka rene mu. Shi kuwa kora ya ji. Na bi shi har wurin ajiye motoci, na gaya masa komai, na ce ubanka kuka ya yi, na naɗe wando na nuna masa shatin yatsu a gwiwata. Ya duba, ya ce, "Uncle, gwiwarka ce ta ji. Rediyo ba ta ɗauko wannan ba." Bai shiga motarmu ba, jirgin ƙasa ya bi.

Ba a yi faɗa ba, ba a yi zagi ba, kuma da an yi ɗin ma da ya fi sauƙi, don ana iya sasanta faɗa. Saurayin ya bar gidan, ya sami aiki a Birmingham ɗin, ya yi aurensa. Yana bugo waya ranar Sallah, a gaisa kamar maƙwabta. Alhaji ya ci gaba da sharhi, amma gishirin ya tafi. Aka ba wani yaro lamba tara, in ya taɓa ƙwallo Alhaji ya kira sunansa, sai kuma ya yi shiru har sai na karɓi maganar.

Wata rana muna dawowa daga fili a motarsa, ba tare da na tambaye shi ba, ya ɗauko zancen ɗan nasa, ya ce, "Ranar da aka raɗa masa suna ina da aikin yamma. Ina tuƙin bas ina ta maimaita sunan ni kaɗai, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko lafiya." Na ce to ka kira shi ka gaya masa wannan, yau ɗin nan. Ya yi murmushi ya ce zai gaya masa, amma ba a waya ba, bari ya zo gida bayan azumi.

Azumin bai ƙare ba ɓarin jikinsa ya shanye. Allah ya bar masa ransa da hankalinsa, ya karɓe maganar. Mutumin da ake jin muryarsa daga Withington har Kumasi ya koma nuni da hannu in yana son ruwa.

Ni na je tasha na ɗauko ɗan. Muka sami Alhaji a kujerar falo, kusa da teburin da makirufonsa suke ajiye an lulluɓe su da zane. Yana ganinsa ya fara motsa baki. Ya yi ta ƙoƙari, jijiyoyin wuyansa suka tashi, yawu yana zuba, amma abin da yake fitowa gurnani ne kawai. Da ya gaji sai ya miƙa hannunsa mai lafiya ya damƙi gwiwar ɗan, ya matse.

Saurayin ya dube ni ya ce, "Uncle, me yake cewa?"

Na ce, "Sunanka yake kira."

Ya gyaɗa kai, ya ɗora hannunsa a kan na uban. Muka zauna a haka har aka kira la'asar a wayar wani.

Alhaji bai ga wata Sallar ba. Bayan an share makoki ɗan ya roƙe ni in tura masa duk shirye-shiryen da muka taɓa ɗauka, na tura. Aka yi watanni ban ji daga gare shi ba, sai rannan ya bugo. Ya ce yana sauraro a mota in zai tafi aiki da in zai dawo, yanzu ya kai ƙarshe. Ya ce ya ji sunan ɗan kowa a ciki, har na yaran da sau ɗaya suka taɓa buga mana. Sannan ya ce, "Na yi zaton ko sau ɗaya bakinsa zai suɓuce, Uncle. Babu."

Alhaji bai taɓa yi wa masu sauraronsa ƙarya ba, amma a kan ɗansa rabin gaskiya ya faɗa: ya bayyana laifin, ya ɓoye son. Abin da na koya shi ne, wanda ya iya faɗin aibin nasa a bainar jama'a, to ya daure ya faɗi alherinsu a wurin, da bakinsa, tun bakin yana motsi. Yanzu ina da ɗan fari, a nan aka haife shi. In na je kallon wasansu nakan tsaya a bakin fili in kira sunansa, nauyin yana danne mini harshe, tsofaffinmu suna harara ta. Duk sanda ya waigo, fuskar mai lamba tara nake gani yana kallon teburinmu.