Daidai Ƙwayar Idonsa

Shekarar da maigidana ya samu aikin tuƙi a Legas, ya dawo mana Ruma da wani ɗan jan kifi a cikin kwalba, jelarsa kamar bakin mayafi. Da zai koma ya damƙa min gwangwanin abincin kifin, ya ce safe da yamma in ba shi daidai ƙwayar idonsa, in ya wuce haka cikinsa zai kumbura ya mutu. Ya ce yana so ya tarar da shi da rai.

Surukata Inna ba ta yarda ba. "Ke 'yar nan, a gidan nan ko kaza sai ta ci ta bari. Wannan wace irin rowa ce?" Rannan ina shayar da ɗiyata sai Inna ta marmasa mishi tuwo. Ruwan ya yi fari, kifin ya kwanta a gefe. Na sauya ruwa, da ƙyar ya tashi.

Sai aka aiko daga Tsaskiya ƙanwata ta haihu. Na ɗaure kayana, na goya yarinya.

"Tafi abinki," in ji Inna, "ni zan ƙosar miki da shi."

Na tsaya ina kallon kwalbar. Hanyar nan ko ƙwai ba ya isa lafiya, balle kwalba da ruwa. Na kwance goyon. Ranar suna ina zaune gabansa, na auna abincin a kan farcena, shi kuma yana ta zagaye.