Yatsana a Kafaɗar Baba

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, Inna tana nanata mini ta tagar mota: "Kada ka dawo sai da shi." Baba take nufi. Tun ina firamare yake tuƙi a Riyad, yanzu hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa, kafilinsa, wato ubangidan da yake wa tuƙi, ya ce ya je gida ya huta, shi kuwa ya kafe ba inda za shi.

Riyad garin mota ne, jama'a. Titi faɗi kamar filin idi, amma ka nemi mai tafiya a ƙasa ka rasa. Zafi kuwa sai da na raina na Kano. A unguwar Al-Shifa na sami Baba, ɗan ɗaki shi kaɗai. Ya amsa gaisuwata yana kallon bango, don ni ɗan fari ne, tsakaninmu sai kunya. Aka kawo kabsa, shinkafa da kaza tuli guda, arha kamar kyauta. Sai na ga yana tallafe hannun dama da na hagu kafin loma ta kai baki. Wallahi abincin ya fita raina.

Maganar gida kuwa, ina ɗaukowa sai ya ƙara muryar rediyo.

Wani maƙwabcinsa mutumin Damagaram ya kwashe mu zuwa unguwar Suwaidi, wajen wani tsohon Ba'indiye mai tausa. Bayan shagunan barota, gurasar Indiyawa, ɗakin yake, ko'ina ƙamshin man riɗi. Da guntun Larabcinsa, maƙwabcin yana fassara mini, ya ce a jikin mutum akwai wurare fiye da ɗari da suke kira marma, mahaɗar jijiya da ƙashi da nama, ta nan ƙarfin rai ke bi. Ya kama tafin hannun Baba yana dannawa. Baba ya harare shi: "Ciwo a kafaɗa, wannan yana duba mini tafi kamar boka!"

Da ya gama sai ya ce sau ɗaya ba ya isa. Akwai wani wuri a bayan kafaɗa da za a riƙa dannawa kowace safiya, kuma mutum ba ya iya kai hannunsa can. Ya tambayi Baba wa yake da shi. Kafin in ankara tsohon ya cafki babban yatsana. Baba ya ce, "La, la, sadik," wato a'a, aboki, "rabu da yaron nan!" Ina! Ba'indiye bai san kunyar ɗan fari ba. Ya ɗora yatsana a jikin mahaifina, na ji ƙashi zalla. Ashe jallabiya ce ke ɓoye ramar. Tausayinsa ya kama ni.

Haka muka riƙa yi kullum da safe, ya juya mini baya, in shafa mai in danna. Ba zan ce muku hannu ya warke ba, amma ya fara kai loma da kansa.

Da bizata ta kusa ƙarewa, ina cikin dannawa ya ce, "In ka tafi, wa zai riƙa yi?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

Can ya ce, "Gaya wa uwarka ta sa a share ɗakina."

Mun sauka Kano lafiya, mu biyu. Na je da hujjoji cike da baki, ba wadda ta yi aiki. Ashe Baba shekara da shekaru ba wanda ya taɓa shi.