Masu Gadin Jikinta

Wata mata ce ta matsa mini a bencin asibiti. Tun rasuwar maigidana ni kaɗai nake zuwa, ba kowa ke lura da tsohuwa a tsaye ba. Da gwiwar hannu ta janye jakarta, domin yatsunta sun kumbura, sun karkace. Akwai guntun zare maƙale a mayafinta. Ina jin tela ce.

Tana ta kallon wani baƙin hoto mai ɗigo-ɗigon kore. Ta ga ina leƙe, sai ta karkato mini shi.

"Jinina ne, Inna. Likita ya ce waɗannan ƙwayoyin su ne masu gadin jiki. In wani sinadari, wai shi kalsiyam, ya kwarara cikinsu, sai su haska haka, umarnin kai hari ke nan. To, nawa ni suke kai wa. Ni nake ci da su, ni suke ci. Shekara shida ina cewa ƙanwata ce ta yi mini asiri don ta kwashe masu kawo mini ɗinki. Ko da ta haihu ban leƙa ba."

Na ja carbina. Ba kuka take ba, hannayenta take harara, kamar ta kama ɗan cikinta yana yi mata sata.

Can ta turo mini wayarta da bayan hannu.

"Inna, don Allah danna mini lambar nan, ta ƙanwar ce. Ke za ki fara sallama. In ta ji muryata, kashewa za ta yi."