Baba Tukuna, Mai Sauraron Reshe

Da hantsi ake ganinsa yana tura tsohon kekensa maimakon ya hau, don tsanin da ya ɗaure a jiki ya fi keken tsawo. A baya akwai naɗin igiya, da yankakkiyar tsohuwar taya, da 'yar gudumar icce da hannunsa ya goge har tana sheƙi. Asalin sana'arsa rage rassan bishiya ce, in sun kwanto kan rufi ko sun kusa wayar lantarki. Amma abin da unguwarmu ta san shi da shi, shekara talatin da ɗoriya, shi ne ɗaura wa yara lilo a bayan gida.

Yara ne suka raɗa masa Baba Tukuna, kuma ba su yi masa ƙage ba. Sai su kewaye shi suna tsalle, "Baba, mu hau?" Ya ce, "Tukuna." Sai ya zaɓi ɗanyen reshe mai kaurin cinyar babban mutum. Sai ya naɗe shi da taya don kada igiya ta ci ɓawon itacen. Ya auna tazarar katanga da taku, ya tsince duwatsu da fasassun kwalabe, ya sa a zuba yashi a ƙasa. Bayan duk wannan, shi zai fara hawa. Wanda bai taɓa ganin dattijo mai furfura da tumbi yana lilo fuska a murtuke ba, wallahi an bar shi a baya wajen kallo. Yara na dariya har da faɗuwa, shi ko ko a jikinsa.

Mai shagon bakin layi ya ce duk ƙarshen damina sai ya gan shi yana bi gida-gida, ba wanda ya aike shi, yana sassauta igiyoyin da reshe ya yi wa ƙiba, yana sauya waɗanda rana ta cinye. Amma babban sirrinsa gudumar nan ce. Kafin ya jefa igiya sai ya ƙwanƙwasa reshen ya kasa kunne. Lafiyayyen reshe amsawa yake a taƙaice, wanda gara ta cinye cikinsa kuwa sai ya yi amo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne watan jiya, a gidan wata tela, kuma daga bakinta na ji shi. 'Yarta mai shekara shida ta yi wata uku a kwance da karayar ƙafa, uwar ta yi mata alkawarin lilo ranar da ta taka. Yarinya ta taka, aka kira Baba. Likita dai ya ja kunne: ƙashin bai gama ƙwari ba, kada ta kuskura ta sake faɗuwa.

Baba ya jingina tsani da mangwaron tsakar gida ya hau. Reshe ne mai kyau, ganye shar, kauri daidai. Ya buga guduma, ya kasa kunne. Ya juya ɗaya kunnen ya sake bugawa. Yana ganin gudumar tana sauka, yana jin girgizarta a hannunsa, amma amsar da ya saba ji ba ta iso ba. Nan ya tuna watannin da matarsa ta yi tana mita cewa ya ƙure rediyo, shi kuma yana ɗora laifin a kan rediyon. 

Ba wanda zai sani. Da ya jefa igiya kawai, da an ce Baba Tukuna ya duba, magana ta ƙare. Ga yarinya can kan kujera ta zuba masa ido, ta sa sabon takalmi. Ya daɗe a kan tsanin nan kafin ya sauko.

Ya ce wa telar, "'Yata, zo ki hau."

"Ni, Baba? Da zane?"

"Gyara ɗaurinki, ni zan riƙe miki tsanin. Kunnena ya bar ni. Sau bakwai na buga, ban ji komai ba."

Telar ta ce ba ta taɓa jin kunya da tausayi sun haɗe mata lokaci ɗaya irin na ran nan ba. Ta karɓi gudumar ta hau. Ya ce ta fara bugawa kusa da gindin reshen, sannan ta matsa kamu ɗaya ta sake.

"Me kika ji? Ɗaga murya."

"Na farko ya ce ƙam, Baba. Na biyun kuwa kamar tulun da babu ruwa!"

"Sauko."

Ya hau da zarto. Da reshen ya faɗo sai ya dare gida biyu, garin icce ya zube, gara na ta guje-guje a ciki. Yarinya ta fashe da kuka, a zatonta lilon ne ya tafi. Uwar kuwa zama ta yi a ƙasa.

Kafin la'asar lilo ya tsaya a tsamiyar bayan ɗaki, bayan telar ta ƙwanƙwasa reshen ta tabbatar. Da zai tafi ya ajiye gudumar a kan keken ɗinkinta. Ta bi shi da ita har ƙofa, ya girgiza kai. "Ƙulli zan ci gaba da koya wa duk mai so. Amma zaɓen reshe, na gama. Ba zan ɗora ɗan wani a kan abin da ban ji ba."

Baba, kai ne ka riƙe mana 'ya'ya a sama shekara talatin ba wanda ya karye. Muna ta yabon ƙullinka, ashe abin yabon yana gaba. Kai ne ka tsaya gaban sa'ar 'yar cikinka ka faɗi abin da manya da yawa za su gwammace su mutu da shi a ciki. Na san ya yi maka ciwo, don sana'ar ce ka fi ƙauna, kuma ina ƙara ganin girmanka saboda haka.

Mu kuma da muke tuƙa 'ya'yan mutane, ko muke ba su magani, ko muke gina musu ɗaki, ranar da ido ko kunne ko hannu ya fara gazawa, mu buɗe baki mu faɗa, mu kira wani ya duba mana.

Mun gode, Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. Jiya na ga yarinyar nan za ta makaranta, a guje, uwar na bayanta tana kiran ta bi a hankali.