Inna Safiyatu, Wadda Ta Bar Inuwa Ta Koma Rana

Kafin ladanin unguwarmu Yalwawa ya sauke murya, turmin Inna Safiyatu ya fara magana. Ta daka gero da citta da kanumfari, ta dafa, ta kirɓa, ta mulmula furarta. Hantsi na duban ludayi tana zaune a 'yar kasuwar unguwarmu. Haka take tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba. Watan jiya gwiwoyi suka ce sun gaji, ta jingine taɓarya. Babu taro, babu ko sannu da aiki daga ƙungiyar da ta yi wa bauta. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da aka ƙirƙiro Jigawa ma'aikata suka cika gari, sai ƙungiyar ci-gaban unguwarmu ta ce a kafa rumfunan kasuwa da aikin gayya. Inna ce shugabar mata. Da ƙafarta ta bi rugage tana gayyato matan Fulani masu nono, a gabansu Mu'minatu, wadda suka shekara da shekaru suna zama kafaɗa da kafaɗa. Dama haka cinikin yake a wurinmu: ka sayi fura wajen Inna, ka miƙa hannu ka karɓi nono wajen Mu'minatu, a dama maka a ƙwarya ɗaya. Matan nan suka yi ta jidar ruwa da yashi a ka har gini ya tashi. Ya Fanna, 'yar ƙabilar Manga mai kanwa, da wata 'yar ƙabilar Ibo mai manja, duk da su aka sha wuyar.

Ranar rabo sai Alhaji Barau, shugaban ƙungiya, ya gyara babbar riga ya ce rumfa sai ɗan asalin gari, baƙi su nemi wuri a bakin titi. Wai baƙi! Ranar ɗaukar yashi ba a tambayi kowa asalinsa ba, sai ranar inuwa.

Waɗanda ke wurin sun ce Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alhaji, wane ne ɗan asali?"

Ya ce, "Wanda kakansa ke kwance a maƙabartar garin nan, Inna."

Ta ce, "To kakannin Mu'minatu suna kwance a dajin da kuka yanka filaye kuka sayar. Su aka iske ko su suka iske mu?"

Sai ya ce ai ita an ba ta rumfar bakin ƙofa, wadda ta fi kowacce kyau, me ya dame ta? Ta ce, "Allah ya saka. Amma ni ban iya sayar da fura gaya ba."

Nan ne wautarsu take. Mutane ne da ba su taɓa sanin yadda fura ke isowa gabansu ba, iyakarsu su ɗaga faifai su sha. Sun ajiye fura a inuwa sun kori nono rana, alhali kowace mace ta san nonon da ya wuni a rana tsinkewa yake ya yi tsami. Ba wurin zama kawai aka hana matan nan ba, abincin 'ya'yansu aka zubar.

Washegari Inna ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce rumfar tata ko kallo, ta zauna gefen Mu'minatu a bakin titi. Ta cire mayafinta na biyu ta jiƙa ta lulluɓe ƙoren nono. Sauran masu fura suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Masu saye kuwa ba ruwansu da asali, inda ake damu nan suka nufa. Mai tsire da mai goro suka zauna cikin sababbin rumfuna suna korar ƙuda. Bazara ta wuce a haka, damina ta same su a fili, ruwa na dukansu. Da suka ga uwar bari, masu rumfunan da kansu suka tilasta wa ƙungiya sabon zama, aka ce duk wanda ya ɗauki yashi yana da inuwa.

Kada mai karatu ya yi saurin tafa hannu. An ba Mu'minatu, an ba Ya Fanna, an ba mai manja. Rumfar Inna kuwa tuni an miƙa wa wani ɗan'uwan shugaba, aka kuma sauke ta daga shugabancin mata, wai ta raba kan jama'a. Tir da wannan hukunci! Daga baya, lokacin da shari'ar Musulunci ta zo, na ji wasu daga cikinsu sun fi kowa iya wa'azin adalci, amma ko ɗaya bai tuna akwai haƙƙin tsohuwa a wuyansa ba.

Inna, ke ce kika san zafin ranar da ba a kanki take ba. Ke ce uwar da ba ta tambayar ɗa yarensa kafin ta miƙa masa ludayi. Ba ki je ƙofar kowa roƙo ba, ba ki kuma taɓa yi mana gorin abin da kika rasa ba. Mun gode, Allah ya ba ki inuwar da ba mai raba ta da son kai. Ku kuma masu riƙe da ƙungiyoyinmu yau, in kun gayyaci mutum aiki, ku gayyace shi rabo.

Kuna tambaya ina ta zauna duk shekarun nan? Mu'minatu ce ta ja ƙorenta gefe ta ce, "Adda, yayata, zauna, rumfarki ce." 'Yar asalin gari ta ƙare sana'arta a inuwar wadda aka kira baƙuwa. Jiya na bi ta wurin, kujerar Inna na nan inda take. Wata ta zo za ta zauna, Mu'minatu ta dafe kujerar ta ce, "A'a, da mai ita."