Hannun Hagun Siddiƙa

Duk wanda ya saba karyawa da ɗanwake a layin bayan kasuwar Tudun Wada ya san sunan Sakinatu, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba, don daga cikin gida take zubawa a miƙo. Daga Gyallesu aka kawo ta gidan Suhaibu mai tuƙa keke, kuma tun zuwanta ba a taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. Mata na yabonta da haƙuri. Ni dai na daɗe da lura, in aka cika yabon mace da haƙuri a unguwar nan, to akwai wanda ke cin amfanin shirunta.

'Yarta ɗaya ce, Siddiƙa, mai shekara biyar. An sha wuya wajen haihuwarta, ta fito da hannun dama a lanƙwashe, ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji, yatsun a dunƙule. Na hagu kuwa lafiya lau, da shi take tsefe kan 'yartsanarta, da shi take korar kaji. A asibiti an ce a riƙa yi wa na daman gashi da tausa, a bar ta ta yi amfani da wanda ke aiki.

Sai dai gidan na da tasa likitar, wato Hajiya Nana, mahaifiyar Suhaibu. Ta ce jikarta ba za ta ci da hagu ba, wannan cin Shaiɗan ne. Maganinta tsohon ɗankwali: duk lokacin cin abinci sai a ɗaure hannun hagun yarinyar ta baya, wai yunwa za ta koya wa na daman aiki. Yarinya ta yi ta tura kwano da dunƙulallen hannu, tuwo ya kife, ta yi kuka har ta gaji, sannan a ba ta loma uku a baki don kada ta saba. Wata bakwai ana haka. Hannun dama bai koyi komai ba, wuyan yarinya dai ya yi siriri. Garin neman gira ana shirin rasa ido, Suhaibu kuma kullum maganarsa ɗaya, uwa ce, a yi haƙuri.

Abin da ya fi cin ran Sakinatu shi ne, yawanci ita take ɗaurin. Tana rarrashin kanta da cewa nata ɗaurin ya fi sassauci.

Tana da yaya, Kailani, wanda aka haifa da lalurar galahanga. In yana tafiya jikinsa duka ke karkarwa, kansa na karkacewa, magana kuma sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Tun suna yara ita ce mai fassara wa mutane zancensa. Yau shekararsa arba'in da 'yan kai, yana da rumfar cajin waya a bakin titi. Wayoyi sun fi hamsin a gabansa, ba ya manna wa kowace takarda, kuma bai taɓa ba wani ta wani ba. Da hagu yake jona su, da hagu yake cin abincinsa a bainar jama'a bayan ya ja bisimilla da ƙarfi. In wani ya tsaya kallo sai ya ce masa bisimilla shi ma. Duk ranar da zuciyar Sakinatu ta karye kan makomar 'yarta, shi take tunawa ta miƙe ta hura wuta.

Wata Alhamis, a hanyarsu ta dawowa daga asibiti, suka biya rumfar. Kailani ya kamo hannun Siddiƙa zai gaisa da ita, sai ya ga sawun ɗauri a wuyan hannun, baƙi zagaye.

"Wa ya ɗaure ta?" ya tambaya.

"Hajiya ce ta ce a yi, Yaya. Wai don ta daina cin hagu."

Ya daɗe yana haɗa maganar. "Na ce wa ya ɗaure."

"Ni ce."

"Ni ma an ce wa Inna ta ɗaure ni," in ji shi, leɓensa na rawa. "Ta ce hannun da Allah ya bar mini, ba ita za ta ƙwace ba. Da ta ɗaure, da yanzu ke ke ba ni a baki."

Sakinatu ta koma gida fushi na cin ta, fushin Hajiya, fushin Suhaibu, sama da duka fushin kanta.

Washegari da azahar sai ga sallamar Kailani. Tafiyar da mai lafiya zai yi a minti goma ta ci masa kusan awa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya gaida Hajiya da ladabi, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Sakinatu ta zubo shinkafa da miya, ta ɗora tsokar nama a kwanon Siddiƙa. Hajiya ta miƙo ɗankwalin kamar kullum.

Sakinatu ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta cusa shi a murhu.

"Hajiya, ki gafarce ni," ta ce, idonta a ƙasa. "Ko malamai sun ce mai lalura na da uzuri. Daga yau ba mai sake ɗaure mini 'ya, har ni."

"To, tura ta kai bango ke nan," in ji Hajiya. "Bari Suhaibu ya dawo ya ji."

"Ya dawo ɗin. Ina nan."

Ta tura kwanon gaban yarinyar ta ce ta ci da hannun da take so. Siddiƙa ta dubi kakarta, ta dubi uwarta, sai ta kai hannun hagunta baya da kanta, ta riƙe shi can tana jiran ɗauri. Aka yi rarrashi, aka yi lallami, hannu bai fito ba. Sakinatu ta ji kamar ta ɗora hannu a ka.

Kailani ya ja jiki kusa da kwanon, ya miƙa hagunsa mai karkarwa a hankali, ya ɗauke tsokar naman ya nufi baki da ita.

Kafin ya kai, hannun yarinyar ya fito ya fizge.

"Nawa ne, Kawu," ta ce, ta tura a baki.

Daga nan ba ta sake ɗaga kai ba. Ta ci, miya na bin gwiwar hannunta, ta suɗe kwanon tas, sannan ta ɗaga shi ta ce a ƙara mata. Sakinatu ta ƙara, ta sake ƙarawa, hawaye na ɗiga a kan ludayi. Sai a lokacin ta gane irin yunwar da 'yarta ta yi wata bakwai tana kwana da ita, a gidan da ake sayar wa unguwa abinci.